Agogon da Ke Cikin Akwati

An yi wani manomi a wani ƙauye da ke gindin madatsar ruwa, sunansa Filimon. Ba wata babbar gona gare shi ba, fangali ashirin ne kacal na albasa, su ma a can ƙarshen lambuna inda ruwa yake isa a gajiye. Amma da albasar nan shi da matarsa Damaris da 'ya'yansu suke rufa wa kansu asiri, tun daga ƙarshen kaka har a ga sabon hatsi.

Madatsar ba ta ƙauyen ba ce. Ta wani maigida ce da yake zaune a nesa, wanda ya gina ta tun zamanin kakanni, ya ce kowa ya yi ban ruwa, ba ya neman komai a hannun kowa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, wato a bi layi. Ya damƙa makullin ƙofar ruwa a hannun wani dattijo, Baba Ishaya. Kowane mako, daga ranar Lahadi, mai son ruwa zai rubuta sunansa a takarda, ya rubuta rana da sa'ar da ya kawo ta, ya jefa cikin akwatin da ke jikin bangon ɗakin Baba Ishaya. Ranar Jumma'a da safe sai dattijon ya buɗe akwati, ya jera takardu bisa ga lokacin da aka rubuta a kansu. Na farko ya sha ruwa a ranar, na ƙarshe kuwa sai wajen Larabar makon gaba. Takardar da ba a rubuta mata lokaci ba, ƙarƙashi ake sa ta.

Tsari ne mai kyau, in da mutane ba mutane ba ne. Da farko dai agoguna ne suka fara kawo rigima. Na wannan yana gaba da minti ashirin, na wancan yana baya da rabin sa'a, kowa kuma ya rantse nasa ne daidai. Daga baya wani mai wayo ya lura cewa takarda ba ta da baki, ba za ta ƙaryata shi ba. Ya zo Laraba, ya rubuta Talata. Maƙwabcinsa ya gane, shi kuma ya zo Alhamis ya rubuta Litinin. Kafin a ankara, kusan ƙauyen duka sun zama masu sammako, amma a takarda. Tunda alƙalami yana iya yin sammako a madadin mutum, ba wanda ya ƙara wahalar da ƙafarsa. Baba Ishaya ya sani sarai, abin yana cinsa a rai, amma yini yake yi a bakin ƙofar ruwa, ba ya ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Filimon bai iya wannan wayo ba. Ba don ya fi kowa tsarki ba, a'a, hannunsa ne kawai ba ya yarda ya rubuta abin da ba haka ba. Saboda haka kullum yana can wajen ƙarshen layi. A shekarun da ruwa ya wadata abin bai dame shi ba. Amma a wannan shekara damina ta ɗauke da wuri, madatsar ta ja baya har duwatsun tsakiyarta suka fito, ruwan da ake saki kuma ba ya kaiwa ko'ina. Ga albasarsa ta fara yin kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa ke nan. In ta sha ranar Jumma'a za ta rayu, in kuwa aka kai Laraba, sai dai a tattara busasshen lawashi.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama Damaris. Ranar Lahadi Filimon bai je sujada ba, yana gida yana jiƙa tsumma yana sa mata a goshi. Don haka bai ji sanarwar da Baba Ishaya ya yi bayan sujada ba, cewa mai madatsa ya aiko da sabon akwati, kada kowa ya ƙara wahalar da kansa da rubuta lokaci. Waɗanda suka ji kuwa suka gyaɗa kai, suka ce to, Baba, amma a zuci kowa ya ce surutun tsufa ne. Akwati ai akwati ne.

Litinin da sassafe jikin Damaris ya tsananta, ba ta ko iya tsayuwa. Filimon ya samu motar kasuwa mai shiga gari, aka kwantar da ita a kujerar gaba za a kai ta asibiti. Da suka zo daidai ɗakin Baba Ishaya sai ya tuna da albasa, ya roƙi direba ya tsaya masa. Ya yagi gefen takardar buhun siminti, ya ruga, ya dafa bango ya rubuta sunansa da guntun fensir. Ya ɗaga hannu zai duba lokaci, sai ya ga agogonsa ya tsaya cik a kan uku saura kwata, ko tun yaushe, oho. Direba yana ta danna ham, fasinjoji suna ta kiransa.

Zuciyarsa ta ce masa, “Rubuta Lahadi mana. Wa ya gan ka? Kowa haka yake yi, kai kuma ga mara lafiya.”

Ya ɗora bakin fensir a kan takarda, hannun ya ƙi. Ya so ya kintata sa'ar ya rubuta, ya rasa ko shida ce ko bakwai. Ham ya sake tashi. Sai kawai ya cusa takardar a bakin akwatin haka nan, wurin lokaci fayau. Tana shiga ya ji wata ƙara daga ciki, ƙas! Sai a lokacin ya lura ba tsohon akwatin katako ba ne, wani ne na ƙarfe. Ya ce a ransa, shi ke nan, ba lokaci a jikinta, ga shi kuma wannan abu ya yaga ta. Ya koma mota.

Kwana uku suka yi a asibiti. Allah ya taimaka, zazzaɓin ya sauka, Damaris ta fara shan kunu har tana neman ƙari. Filimon ya yi murna ƙwarai, ya gode wa Allah da dukan zuciyarsa. Amma da zarar ya zauna shiru sai albasa ta dawo masa. Kada in ɓoye muku, ya yi nadamar gaskiyarsa. Ya riƙa zagin kansa, yana cewa wane irin sakarai ne zai tsaya jayayya da fensir alhali abincin 'ya'yansa yana ƙonewa.

Damaris ta dube shi ta ce, “Maigida, ni ce mara lafiya ko kai? Jikinka na nan, amma kai kana can cikin fangali.”

Ya faɗa mata duk abin da ya faru. Ta ce, “To, ai ba ka yi ƙarya ba. Allah na nan.”

Ya ce, “Na san Allah na nan, Damaris. Amma Baba Ishaya ne yake jera takardu.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Shi kam bai ga abin dariya ba.

Alhamis da la'asar suka dawo. Yana sauke ta a gida ya zarce lambu. Ƙasa ta tsattsage, lawashi ya sunkuya, bakinsa ya yi rawaya. Ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya ga da sauran rai, amma na kwana ɗaya ne ko biyu. Ya tsaya yana kallon aikin wata uku, dashe da cira da kai taki a ka, hawaye suka zubo masa.

Washegari ya ce ba za shi wurin rabon ruwa ba, me zai je yi, ya ji an kira sunansa a ƙarshe, in ma an kira? Damaris ta ce, “Haba maigida, ka je mana. Ko ba komai ka gode wa mutanen da suka duba mana yara.” Don wannan kawai ya tafi, ya raɓe a bayan taro, gindin mangwaro.

A gaban taron kuwa akwai Dogara, babban manomi, shugaban mawaƙan ikilisiya, mai murya kamar ganga. Ya riga ya saɓa fartanya a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando, don ya san wanda za a fara kira.

Baba Ishaya ya sa makulli ya buɗe akwatin, ya juye takardu a kan tabarma. Kowace da kamarta, wata shafin littafin makaranta, wata kwalin sabulu, wata doguwar wasiƙa har da gaisuwa. Akwatin bai ƙi ko ɗaya ba. Amma dattijon bai dubi fuskarsu ba, bayansu ya riƙa juyawa yana dubawa yana jerawa. Da ya gama sai ya gyara tabarau, ya ɗaga ta sama.

“Na farko, Filimon.”

Filimon ya waiga ko akwai wani Filimon a bayansa.

Dogara ya ce, “Baba, a sake dubawa dai. Ina jin tabaran ne. Tawa tun Lahadi take ciki, ƙarfe goma na safe.”

Baba Ishaya ya ce, “Na gani, ɗana, ga shi ka rubuta da manyan baƙaƙe. Lahadi ƙarfe goma na safe. To, wanda ya tsaya a gabanmu a daidai wannan lokaci yana ba da waƙa yana kaɗa hannu, wane ne? Ko kana da ɗan tagwaye ne ba mu sani ba?”

Dariya ta ɓarke, amma ba ta daɗe ba, don kowa ya tuna abin da shi ma ya rubuta. Sai aka shiga kallon ƙasa.

Dattijon ya karkato akwatin ya nuna musu cikinsa. Ga wani agogo a manne daga ciki, a bayan ƙarfe, inda hannu ba ya kaiwa, da ɗan hatimi a ƙarƙashinsa. Ya ce, “Na faɗa muku ranar Lahadi, kuka ce tsoho na surutu. Mai ruwa ya ce ya gaji da agogunanku. Duk takardar da ta shiga, wannan hatimi yana buga mata rana da sa'a da minti a bayanta, da agogon mai ruwa, ba naku ba, ba nawa ba. Ni kaina ba ni da ikon taɓa shi. Abin da kuka rubuta a gaba, naku ne, ku yi ta rubutawa.”

Ya ɗauki ta biyu ya juya. “Dogara, Litinin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Kai ne na biyu. Ka ga da ka yi shiru ma, yau ɗin nan za ka sha ruwa da mutuncinka.” Dogara ya sauke fartanya daga kafaɗa a hankali, kunya ta rufe shi. Ba a jefar da takardar kowa ba, an dai sa kowa a inda ƙafarsa ta kawo shi.

Filimon ya matso, ya durƙusa. “Baba, ni fa ban rubuta komai ba. Na ma ɗauka akwatin ya yaga ta, don na ji ƙara.”

“Ƙarar da ka ji, karɓa ce, ɗana. Ungo, duba.”

Ya karɓi 'yar takardar simintinsa. Gabanta sunansa ne a karkace, da wurin lokaci fayau. Ya juya bayanta, sai ga rubutu da shuɗin tawada, tsaf: Litinin, ƙarfe shida da minti goma sha bakwai na safe. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, “Ashe shida da minti goma sha bakwai ce. Ni da na zo ban sani ba, shi da yake nesa ya sani.”

Kafin rana ta take, an buɗe ƙofar ruwa. Filimon ya bi ruwan da ƙafa tun daga bakin madatsa, yana gaba yana share masa hanya da fartanya, har ya shiga fangalin farko. Ƙasa ta riƙa sha tana tsotsewa, ya cika wannan ya karya wa wancan, har ashirin ɗin. Damaris ta lallaɓo da sanda ta zauna a kan kunya tana kallo. Da fangalin ƙarshe ya cika, Filimon ya zube a gwiwa cikin taɓo, ya ce, “Na gode. Ban taɓa ganin fuskarka ba, amma na gode.” Albasa ta rayu, gidan kuma bai kwana da yunwa ba a wannan rani.

To, jama'ar Allah, ga abin da misalin nan yake nufi.

Bari in fara faɗa muku inda na samo shi. 'Yar ƙanena Keziya tana aikin kwamfuta a birni, suna gina irin manhajojin nan na waya. Da ta zo hutu na tambaye ta aikin me suke yi haka da ba sa ɗaga kai. Cikin bayaninta ta faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai. Ta ce in mutane suna aika bayanai daga wayoyinsu zuwa babban rumbun da ake adana su, ba a yarda wayar mutum ta faɗi lokacin da ta aiko. Agogon wata wayar yana gaba, na wata yana baya, wani kuma da gangan zai murɗa nasa. Sai a bar wurin lokaci a buɗe, babbar na'urar da take karɓa ita ce za ta sa nata lokacin a daidai sa'ar da saƙon ya shiga, ba tare da kowa ya tuna mata ba. Na ce, Keziya, kin ba ni wa'azi ba ki sani ba.

Mai madatsa shi ne Ubangiji, ruwan kuwa alherinsa ne, wanda ba mu haƙa ba, ba mu gina ba. Takardun su ne addu'o'inmu da kukanmu da 'yan ayyukan da muke yi cikin sunansa. Ba ya duban kyan takarda. Mai doguwar addu'a da mai cewa “Ubangiji, ka taimake ni” a guje, duka yana karɓa. Agogunan hannu kuma su ne lissafin da kowannenmu yake yi wa kansa, kun kuwa san yadda muke da kirki in muna auna kanmu.

Mu nawa ne muke ja da kwanan wata baya? Ni na riga kowa zuwa wannan ikilisiya. Ni na fara kawo shawarar nan. Tun kafin a haife ka nake bin Ubangiji. Mutum ya tuba jiya, yau yana magana kamar da shi aka aza harsashin ginin. Ni mai faɗa muku ma na sha kama kaina da fensir a hannu. Ɗan'uwa, abin tausayi a lamarin Dogara shi ne, matsayinsa na gaskiya mai kyau ne, ƙaryar ba ta ƙara masa ko ɗigon ruwa ba, kunya kawai ta jawo masa. Wurin da Allah ya ajiye ka ya ishe ka, ka daina yi masa gyara.

Amma ba don masu irin halin Dogara na kawo misalin nan ba. Na kawo shi ne domin ku da kuke raɓe a bayan taro. Ke da kika yi addu'a a guje, tsakanin murhu da gadon mara lafiya, ba ki ma kai ga cewa amin ba. Kai da ka ƙi yin abin da kowa yake yi a wurin aiki, aka wuce ka, har kana kiran kanka wawa. Ku da kuka miƙa kukanku, abin ya ƙara tsananta, kuka ce an yaga takardarku. Ba a yaga ba. Tun a ranar aka karɓa, aka sa mata lokaci da agogon da ba ya gaba, ba ya baya, ba kuma mai iya murɗa shi. Ban ce muku kullum za a kira sunanku farko ba, kada in yi muku alkawarin da ba a aike ni da shi ba. Abin da na sani shi ne, ba wanda zai sha gabanku da ƙarya a wurinsa, kuma kwanakin da kuka yi kuna jira ba su ɓace ba.

Wata tsohuwa a cikinmu ta taɓa samuna bayan sujada, idonta cike da hawaye. Ta ce, “Fasto, in ana ba da shaida kowa yana faɗin rana da wata da shekarar da ya ba da gaskiya. Ni ban yi makaranta ba, ban riƙe ranar ba. Na dai san ina tsakar gida ina surfe, na ce masa ga ni. Anya an rubuta ni?” A lokacin na yi ta kame-kame, ban ba ta amsar da ta gamsar da ni ba. Yau ga amsar, Mama. Riƙe ranar ba aikinki ba ne, aikin wanda ya karɓe ki ne. Ke kin manta, shi bai manta ba, har mintin da kika ajiye taɓarya yana nan a rubuce a wurinsa.

Saboda haka yau kada mu roƙi komai tukuna. Mu tashi tsaye, kowa ya tuna wata rana da ya yi kuka shi kaɗai yana tsammani ba wanda ya ji, ya ce wa Ubangiji na gode, gama ya ji.